Sai Fitila Ta Yi Kore

Ranar da akwatin kwamfutar da ke ajiye hotunan shagon hoton Baba ya cika, ranar 'yarsa Auta ta fara ganin Injiniyan da aka kira ya ƙara masa fili. Yana durƙushe a ɗakin baya, ƙananan fitilu huɗu na ƙyafta masa kore a fuska. Ta kawo masa ruwa, ta tsaya riƙe da kofin har ya ɗumame.

Hotunan shekara talatin ne a akwatin nan, har da na marigayiya mahaifiyarta, waɗanda babu kwafinsu ko'ina.

"Faifai huɗu ne a ciki, suna riƙe da juna," in ji shi. "Zan cire ɗaya in sa babba, ukun su sake gina shi. Sai fitilarsa ta bar rawaya ta koma kore zan taɓa na gaba. Aka cire biyu tare, komai ya tafi."

"Kwana nawa ke nan?"

"Kowane faifai kwana biyu."

Ta lissafa a zuci, ta ji daɗin da ita kanta ya ba ta kunya.

Tun daga nan ta zama mai gadin fitila. Takan zauna tana kallon rawayar nan, iskar na'urar na kaɗa mata gyale, hankalinta ya yi nisa.

"Ta yi kore," ta rubuta masa.

"Ga ni nan, Fitilata. Ni tawa tun ranar farko ta yi."

Baba kuwa ba yaro ba ne. "Wane irin gyara ne wannan, mutum ya zo ya danna abu ɗaya, ya sha shayi ya tafi? 'Yata yake gyarawa!" Sai ya kirawo ɗan ƙanensa mai gyaran waya, wanda dama ya daɗe yana zagaye Auta.

"Faifai biyun da suka rage? Minti biyar, Baba," in ji gogan, yana naɗe hannun riga.

Auta ta sha gaban akwatin. Ba ta taɓa yi wa mahaifinta musu ba.

"Baba, dubi fitilar, rawaya ce. In ya zare su yanzu, Mama ta tafi karo na biyu."

Baba ya dubi fitilar, ya dubi 'yarsa. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, suka jira tare har ta yi kore.

Ranar ƙarshe Injiniya ya shiga saitin na'urar, ya faɗaɗa wurin ajiya, fili ya ninka. Baba ya buɗe hoton matarsa, tana dariya a bakin shagon, ya daɗe yana kallo.

"Gaya mini gaskiya, yaro. Da gangan ka ja aikin nan?"

"Aikin ne ya ja kansa, Baba." Ya sunkuyar da kai. "Amma ban taɓa yi masa addu'ar ya yi sauri ba."

Baba ya yi dariya har da hawaye. "Wanda bai yi gaggawa da amanata ba, ba zai yi da 'yata ba. Turo manyanka."

Ranar aure ango ya miƙa wa Auta ɗan faifai a cikin ƙyalle: kwafi na biyu na hotunan Mama. Ta rungume faifan ta yi kuka. Baba da kansa ya ɗauki hotonsu, hoton ne na farko da ya shiga sabon filin, kusa da na mahaifiyarta.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar su riƙe da juna.