Baƙon da Bai Iya Gutsura Gurasa Ba

Ranar wata Laraba Wenhai ya shigo shagonmu na abinci a Xi'an, jaka a kafaɗa, daga Kunming ya zo hutu. 'Yata Yulan ce ta ajiye masa kwano da gurasa biyu. Kowa ya san ƙa'idar cin paomo, abincin garinmu: da hannunka za ka gutsuttsura gurasar ƙanana kamar wake, sannan a zuba romon rago. Shi kuwa ya yaga ta gida huɗu ya miƙo kwano.

"Malam, raƙumi za ka ba wa?" in ji Yulan.

"To ki koya mini mana."

Ta zauna ta koya masa. Kwana uku ya ce zai yi, ya yi goma. Ta kai shi ya ci wainar kanya da zafinta har ta ƙona masa harshe, ya ci shinkafa mai danƙo da ake turarawa da dabino. Ni dai ina kallo daga bayan tukunya.

Da ya koma gida, waya ta ɗauki zafi. Wata rana na leƙa wayarta na ga ya rubuto:

"'Yar Kanyata, na ci abincin gari bakwai, babu wanda ya zauna mini a rai sai wanda kika tsaya a kaina na ci."

Ita kuma ta mayar: "Baƙona, harshen ya warke ko in aiko da magani?"

Bayan wata shida iyayensa suka aiko da ƙunshin ganyen shayi. A wurinmu, in ka karɓi shayin ka ba da 'ya. Na mayar musu.

"Haba Maman Yulan," in ji maigidana, Tsoho Tie. "Yaron yana salla, yana da sana'a. Me kuma?"

"Wanda bai da haƙurin gutsura gurasa, ina zai samu haƙurin riƙe mace?"

Ga Dagang, ɗan mahaucin layinmu, shi nake so mata. Shi ya raɗa mini wai Wenhai yana da wata budurwa a Kunming, har ya nuna mini hotonsu tare. Ban bincika ba, na kwashe na faɗa wa Yulan. Wata huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba, ta rame kamar tsinke. Ashe ƙanwar Wenhai ce a hoton. Allah Ya yafe mini.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Baban Yulan, ko tauna ba ya iyawa. Burinsa ɗaya: ya zauna gaban liman ya ba da 'yarsa da bakinsa.

Wenhai ya ji labari ya hawo jirgin ƙasa. Ya gaishe ni, ya wanke hannu, ya zauna bakin gado da kwano. Ya fi rabin awa yana gutsura gurasa, ƙanana fiye da wake, don tsoho ya iya haɗiyewa.

"Yaushe ka ƙware haka?" na ce.

"Goggo, kusan shekara guda kullum sai na gwada. Abokaina har tsiya suke mini."

Tsoho ya ci cokali uku, ya dube ni. "A ɗaura ranar Juma'ar nan."

Na ce, "Da wace rigar? Da wane abincin? Sai ka warke, bayan Salla."

Ni ce mai wannan taurin kan. Ana saura kwana tara a fara azumi, Allah Ya yi masa rasuwa.

Bayan kwana arba'in na karɓi shayin. An ɗaura aure da bazara, ƙanin mahaifinta ne ya ba da ita. Liman ya watsa wa ango dabino da gyaɗa, mutane na dariya, Yulan na kuka cikin jan mayafinta. Wenhai ya sunkuyo ya ce mata, "'Yar Kanyata, ai Baba ya riga ya ce a ɗaura. Da kunnena na ji."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah Ya jiƙan Tsoho Tie, Ya haskaka kabarinsa. Juma'a ɗaya kawai ya roƙe ni.