Hayaƙi a Kan Gada

Ranar da aka sake buɗe tsohon layin dogon da ya ratsa duwatsu, bayan ciyawa ta yi shekaru tana cinye shi, ranar ya fara ganin ta. Shi ke zuba kwal a injin, ita ke yi wa 'yan yawon buɗe ido bayani da lasifika. Ta leƙo kan jirgin ta gan shi baƙi ƙirin, haƙoransa kaɗai ke haske.

"Sannu da aiki, Gawayi," ta ce tana dariya.

Shi ke nan fa, suna ya bi shi, zuciyarsa ta bi ta. Nan da nan waya ta ɗau zafi.

"Gawayina, ka sha ruwa kuwa? Ina tausayinka a bakin wutar nan."

"Na sha, Zinariyata. Haushina ɗaya, kowa na jin muryarki ban da ni."

Ana cikin haka kamfanin jirgin ya buga hoton talla: ita a bakin taga tana murmushi, mai duba tikiti da farin yunifom ɗinsa yana nuna mata kwari. Aka liƙa shi a kowace tasha. Mai tikiti kuwa ya ɗauki abin da gaske, har gida ya je gaida mahaifiyarta.

"Maƙwabta sai barka suke min," in ji uwar. "Yaro tsaf-tsaf. Me za ki yi da mai baƙin farce?"

Kishi ya hana Gawayi sakat. Ko abinci zai ci a tasha, sai ya juya wa hoton baya.

"Aiki ne fa kawai," ta rubuto.

"Ni ba ki taɓa min irin wannan murmushin ba."

"Allah ya shirye ka."

A ƙa'ida, in an zo doguwar gada ana rage wuta, jirgi ya tafi a hankali baƙi su ɗauki hoto. Ran nan layi ya yi kwana, Gawayi ya waiga, ya hango buɗaɗɗen tarago: mai tikiti ya riƙe mata lasifika, suna ta dariya. Idonsa ya rufe. Ya dinga antaya kwal shebur bayan shebur.

"Kai, lafiyarka?" direba ya daka masa tsawa.

Ina! Hayaƙi ya turnuƙe taragon. Baƙi na tari, farin yunifom ya koma kamar tsumman goge tukunya, ita ma gyalenta bai tsira ba.

Rashin sa'a, mahaifinta na ciki, tsohon direban layin ne tun zamanin da. Da suka sauka ya dubi 'yarsa.

"Wannan hayaƙin ba kuskure ba ne, haushi ne. Wanda ya kasa riƙe zuciyarsa a gaban wuta, ba zan ba shi ke ba."

Aka dakatar da Gawayi daga aiki. Ya yi ta kira ba ta ɗauka, ya rame ya fige. Sai da ta ga ya ji jiki ta rubuto:

"Ka kunyata ni, amma kai nake so. Je ka karɓi yunifom ɗin mai tikiti, ka wanke da hannunka, ka kai masa gaban mutane."

Wallahi da duka ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya wanke, ya goge, ya kai tasha. Mai tikiti ya ɗaga rigar yana yatsina.

"Wuyan bai fita ba."

Ma'aikata suka zuba ido. Jijiyar wuyan Gawayi ta miƙe. Ya haɗiye fushinsa, ya miƙa hannu.

"Kawo in sake. Ka yi haƙuri."

Mahaifinta na zaune kan benci yana kallo. Da yamma ya aika a kira shi.

"Kishin ya tafi?"

"Yana nan, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Riƙe shi na koya."

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Turo iyayenka."

Uwar ta yi mita ta gaji, ƙarshe ita ta fi kowa rawar kai a hidimar biki. Bayan an ɗaura aure tsohon ya kira su.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai haƙuri."

"Amin, Baba," in ji amarya, ta saci kallon angonta. "Yanzu hankalinka ya kwanta?"

"Da saura," ya raɗa mata. "Gobe ma kowa zai ji muryarki."

"Su ji mana. Kai kaɗai za ka ji ta ba lasifika."