Ruwan Zafi a Gindin Gawo

Kwana biyu suka yi a kan hanya daga Damagaram. Lawali ke tuƙi, matarsa Fiddausi na gefe da jaririyarsu Haske a cinya, 'yar wata biyar. Biki suka je, suna komawa gida Filinge. Sun kwana a Ƙonni, sun wuce Dogon Dutsi da Doso, ranar bazara na dukan motar kamar za ta narke.

Da suka iso Kure, inda aka keɓe daji don raƙuman dawa, Lawali ya taka birki.

"Mu shiga mu gani. Abokan aikina duk sun yi hoto a nan, ni kaɗai na rage."

"Malam, la'asar ta yi. Yarinyar ga ta gaji."

"Minti talatin, ba ƙari."

'Ya'ya biyu Fiddausi ta binne kafin Haske, don haka ko sauro ba ta yarda ya sauka a jikin yarinyar. Amma namiji in ya sa abu a ransa, maganar mace iska ce.

Aka haɗa su da ɗan jagora, wani dattijo Bazabarme. Ya kai su har inda raƙuman suke, guda bakwai, suna tsinkar ganyen gawo da dogon harshensu. Ita ma Fiddausi ta ce tabarakallah. Abu ɗaya ne bai yi mata daɗi ba: dabba mai girma haka, amma ko tari ba ta yi. Kallo kawai.

Da rana ta yi ja, dattijon ya ce, "Ku kama kwalta yanzu. Dajin ga da rana namu ne. Da magariba na masu shi ne."

Suka sauke shi a bakin hanya. Sai Lawali ya ce zagayawa ta Yamai ɓata lokaci ne, akwai hanyar amalanke da ke yankewa arewa ta ɓulla Baleyara. Ya juya kan mota ya koma cikin dajin.

Ba su yi nisa ba yashi ya fara riƙe taya. Injin ya yi ta gurnani. Can sai tururi ya taso daga gaba, motar ta mutu a gindin wani tsohon gawo.

Lawali ya fita yana tsaki. Ya buɗe gaban motar, ya naɗe hannu da tsumma, ya kwance bututun ruwa don ya zubar da wanda ya tafasa ya sa sabo.

"Malam, dakata! Ka yi bisimilla!"

Ta makara. Ruwan ya kwarara a kan saiwar gawon, ƙasa ta yi cuuu.

Ko yaron goye ya san ba a zuba ruwan zafi a ƙasa da magariba ba tare da an ambaci Allah ba. Ba mu kaɗai ke kwana a bayan ƙasar nan ba. Fiddausi a Tabla ta tashi, a hannun kakarta, ta sha duka a kan wannan tun tana ƙarama.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai kuka ya tashi. Kukan jariri, siriri, mai tsinka zuciya. Fiddausi ta duba cinyarta. Haske barci take.

Daga ƙarƙashin saiwar kukan ke fitowa.

Wari ya biyo baya, warin fata da ta ƙone.

"Malam," ta ce a hankali, "shigo mota."

Bai motsa ba. Yana tsaye da tsumma a hannu, baki a buɗe, kamar an kafe shi.

Raƙuman dawan sun zo. Ba ta ji takunsu ba. Sun kewaye motar, sun sunkuyo da kawunansu. Daga tsakanin ƙafafunsu wata mace ta fito, da baƙin zane, doguwa har kanta na gogar rassan gawo. Ta durƙusa ta tura hannu cikin ƙasa kamar mai ɗiban ruwa a randa, ta fito da jariri. Bayansa duk ya saluɓe.

Ta sa shi a nono. Ya kau da kai yana tsala ihu. Ta sake gwadawa. Ya ƙi.

Sannan ta kawo fuskarta daidai tagar mota. Muryarta kamar iska cikin busasshen kara.

"Barci shikai. Ko sallama ba ku yi ba."

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Rashin sani ne."

"Ya ƙi nono. Ba shi kai safe." Ta dubi cinyar Fiddausi. "Ɗa da ɗa. Miƙo taki."

Hannu ya shigo ta taga. Yatsun dogaye ne, gaɓoɓinsu sun yi yawa.

Fiddausi ta nemi addu'a, harshenta ya yi nauyi.

Jikin Haske ya fara sanyi. Daga ƙafa ya fara.

Ya kai gwiwa.

Ba gudu, ba mai ceto, miji ya zama gunki. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, yana ƙirjinta.

"Ba ni shi," Fiddausi ta ce. "Ba ni in gwada."

Hannun ya tsaya.

"Mi kika ce?"

"Naki ya ƙi. Wataƙila ya karɓi nawa."

Matar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙo shi.

Nauyinsa kamar dutsen niƙa. Jikinsa wuta, bakinsa ƙanƙara. Fiddausi ta rufe ido, ta ce bisimilla a zuci, ta sa shi a nonon hagu.

Ya kama.

Ta ji ana zuƙo ta tun daga yatsun ƙafa. Kunnuwanta suka toshe. Ta cije leɓe har jini ya fito, ta jawo Haske da ɗaya hannun ta sa ta a na dama.

Shiru. Shiru. Sai ɗan bakin yarinyar ya motsa.

Kukan ya ɗauke. Babu abin da ake ji a dajin sai haɗiyar yara biyu.

Fiddausi ta buɗe ido, ta dubi matar.

"Kin gani da idonki. Nono guda suka sha. Wanda ya sha nonon mace ɗanta ne, haka yake a wurinmu, haka yake a wurinku. In kika taɓa ta, 'yar'uwar ɗanki kika taɓa."

Matar ta janye hannunta sannu a hankali.

"Kin ɗaure ni," ta ce. "Amma kin ɗaure kanki. Ɗan da ya kama nono, ba a raba shi da shi sai yaye."

Ta karɓi ɗanta, ta goya. Raƙuman suka juya gaba ɗaya, ta shige tsakiyarsu, duhu ya rufe su.

Lawali ya zube ƙasa yana salati. Da ƙyar ya ɗaure bututun, ya juye ruwan jarka, ya tada motar. Ana kiran isha suka shiga Baleyara. Daga nan suka wuce Filinge.

Yau shekara bakwai ke nan. Haske na nan da ƙoshin lafiya, har an sa ta lakwal, wato makarantar boko, ko zazzaɓin damina ba ya kama ta. Tana da shekara biyu aka yaye ta, nonon dama ya ƙafe kamar na kowace mace.

Na hagu bai ƙafe ba.

Kullum in an kira magariba, Fiddausi takan ajiye abin da take yi, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Lawali ya kwashi tabarmarsa ya tafi masallaci kansa a ƙasa. Ta rame, wuyanta duk ƙashi, kuma ba ta sake samun ciki ba.

Ran nan yayarta Ummul ta zo daga Tabla, ta gaji da gani, ta tare ta a bakin ƙofar.

"Ke, wai sai yaushe za ki yaye shi? Kashe ki zai yi."

"Uwarsa ba ta zo ta ce ya isa ba, Yaya. In na hana shi, mi zai hana ta ɗaukar Haske?"

Ummul ta rage murya. "Har yanzu a cinya kike ɗaukarsa?"

Fiddausi ta gyara zanenta, ta kama ƙofar.

"Da can ne. Yanzu a tsaye nike ba shi. Shi ke sunkuyowa."