Ranar da Dogo Bai Zo Ba

A asibitin makarantar horar da hafsoshin soja ta fara ganinsa, ya shigo ɗauke da wani ɗalibi da ya suma a filin fareti. Dogo ake ce masa, shi ne shugaban ajinsu. Ita kuwa sabuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ya ƙame a bakin ƙofa gumi na tsiyaya, ta ce ya zauna, ya ce ba a ba shi umarni ba. Ta ce to ita ta ba shi. Ya zauna, tana ta ƙunshe dariya.

Wasa-wasa magana ta yi nisa. Sai ranar Lahadi ake ba ɗalibai wayoyinsu, don haka saƙo ɗaya kan ishe ta mako guda.

"Likitata, na goge takalmi har na ga fuskata a ciki, amma taki nake nema."

"Dogona, ka dai ci abinci tukuna."

Babanta, tsohon saje, ya ce atafau 'yarsa ba za ta auri soja ba, ya ga irin zaman jiran da uwarta ta sha. Ga ɗan abokinsa mai kantin magani yana ta zarya. Da ƙyar Inna, mahaifiyarta, ta shawo kansa ya yarda zai ga yaron ranar da ake ba ɗalibai izinin fita, amma fa in ya saɓa, magana ta mutu.

Ranar ta zo, Dogo bai zo ba. Baba ya zauna a falo har rana ta faɗi, sannan ya tashi ya shige ɗaki. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Washegari aka kawo Dogo asibiti ƙafafu duk sun sale. Ashe a binciken ɗakuna an tarar da gadon wani ɗan ajinsu a yamutse, aka soke fitar ɗalibin, aka ɗora masa jaka mai nauyi ya yi ta zagaya fili. Dogo har ya kai bakin get ya waiwaya. Babu dokar da ta tilasta masa, sai dai a wurinsu shugaba ba ya fita ya bar nasa a rana. Ya koma ya ɗauki tasa jakar, suka yi ta zagayen tare.

Tana wanke masa ciwo ta ce, "Ka san abin da ka yar?"

"Na sani. Shi ya fi jakar nauyi."

Ta koma gida ta faɗa wa Inna. Da Inna ta ba Baba labari, sai ga shi a asibiti yana dogara sanda, yana jan ƙafar da ya dawo da ita daga fagen daga. Dogo ya yunƙura zai miƙe, tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Yi zamanka, yaro. Da irinka ne a gabanmu ranar nan, da ƙafar nan lafiyarta ƙalau. Ka turo manyanka."

Mako guda bayan yaye ɗalibai aka ɗaura aure. Baba ne ya fi kowa hawaye, yana ta cewa Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya dawo mana da shi duk inda aka tura shi.