Faifan Auren Ma'u

"Ina katin?"

Muryar Zunnuraini ce na jiyo a zaure, ina shigowa gidan ƙanena marigayi da ƙwaryar barzajjiyar alkama a kaina. Na ja na tsaya. Laɓe ba halina ba ne, amma wanda ya ɗaga murya a zaure shi ya gayyaci kunnuwa.

"Ban gama ba..." in ji Ma'u.

"Ba ki gama ba, ko ba ki fara ba? Amaren Jibiya kaf ke kike yi masu katin biki. Ki yanka kwali, ki manna ƙyalle, ki zagaye da zare mai walƙiya. Har daga Daddara aiko maki ake. Naki ne ya gagara?"

"Aikin Sallah ne ya yi mani yawa. Ga katin barka da Sallah, ga kek ɗin mutane..."

"Gato! Kullum gato!" Haka su mutanen Maraɗi ke ce wa kek. "Da farko kin ce a bari kaka ta yi, aka bari. Kika ce a bari a buɗe bodar Nijar, an buɗe. Yanzu kuma gato ne ya tare hanya?"

"Ka yi haƙuri, masoyina."

"Ni ina da shi, Ma'una. Kawunnaina ne nasu ya ƙare. Sun ce in na koma yau ba kati, ran kasuwa za su zo su kwashi kayan sa-rana. Wallahi ba wasa suke ba!"

Sai na ji ta ce, "To... su zo."

Nan na yi gyaran murya na shiga.

Ni ce Salmatu, gwaggon Ma'u. Tunda ubanta ya rasu maganarta a hannuna take, ni na karɓi goron nan, ni na tsayar da biki mako guda bayan Babbar Sallah. Shi kuwa yaron, direba ne, babbar mota yake ja da albasa daga Maraɗi. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa jawur.

"Tashi," na ce. "Je ka sauke kayanka. Kafin ka haye boda ka biyo ta nan. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ni kuwa ban shirya jin kunya ba."

Yana fita na tasa ta gaba har madafi. Tukunyar gashinta na kan murhu, yashi a ƙasa, gwangwanayen kek jere a kai, garwashi bisa murfi. Ƙamshi ya cika gida, ni ko ta kansa ban bi ba.

"Wani kika samu?"

"A'a, Gwaggo."

"Ya yi maki wani abu?"

"Wallahi bai yi ba. Duk duniya ba wanda nake so in ba shi ba..."

"To mi ne ne? Aljani ya aure ki?"

Ta sunkuyar da kai tana juya garwashin da bai nemi juyi ba. Na yi faɗa, na yi lallami, kamar da bango nake. Na bar ta na nufi rumfa wurin uwarta.

Mariya na zaune kan tabarma da basilla a hannu, tana ɗinkin faifai. Watanni ke nan ba ta da aiki sai shi, na rufe kwano da na jere bangon ɗakin amarya. Duk unguwa an san hannunta: jan tauraro a tsakiya, kore ya kewaye baki.

"Sannu da zuwa, Yaya. Na ji ku. Don Allah ki ƙara mata, ni na gaji. So nake in ga auren nan da idona."

"Za ki gani," na ce.

Rinanniyar kabarta na shimfiɗe kashi-kashi, ta cinye tabarmar. Na tattara ta da hannu ɗaya na watsa gefe don in sami wurin zama, na sauke ƙwaryata. Alkakin Sallah na zo mu kwaɓa, ya kwana ya yi tsami.

Muna cikin hira ta kai hannu dama da gwiwarta, ta lalubo kaba, ta zura a basilla. Kore ce. Ta soka ta a tsakiyar jan tauraro, ta ja, ta sake sokawa.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ta ɗago faifan tana murmushi.

"Yaya, jan nan ya kama ko? Sabon rini ne."



Na dubi idanunta. Garau suke, ba yana, ba ƙwantsa. Na ɗaga hannuna a hankali ta gefen fuskarta, na kaɗa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ina juyowa na ga Ma'u tsaye da farantin kek, tana girgiza mani kai, hawaye na zuba. Ta ajiye farantin, ta durƙusa, ta shiga ware kabar da na hargitsa: ja a dama, kore a hagu, fara a gaba. Hannunta ya saba, ko dubawa ba ta yi.

"Gwaggo, zo ki ga wutar nan," ta ce.

A madafi ta riƙe ƙafata.

"Tun daminar bara ne. Ɓoye mani take, ta ɗauka ban sani ba. Kullum ni ke jera mata kaba, in ajiye buta inda ta saba, in kawar da turmi daga hanya. Na ji ta bayan sallar asuba tana roƙon Allah Ya bar mata ɗan haske har a kai ni ɗaki. Gwaggo, in na haye boda wa zai jera mata? Cikin wuta za ta faɗa wata rana!"

"Shi ne kika yi shiru, ido na tafiya, aure na tafiya?"

"Kunya za ta kashe ta in ta san na gane. Don girman Allah kar ki faɗa!"

"Sake ni."

"Gwaggo!"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na sani. Amma ciwo ba amana ba ne da za a adana. Sake ni na ce!"

Na koma rumfa, tana biye da ni. Na tsaya a kan Mariya.

"Mariya, wace irin kaba kika sa a tauraron nan?"

"Ja mana."

"Kore ce."

Basilla ta tsaya. Ta shafa ɗinkin da yatsa, ta sake shafawa, kamar yatsa zai gaya mata launi. Ta sassauta murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, yarinyar nan tana ina? Kar ta ji. Ki rufa mani asiri har a yi bikin."

Ma'u kuwa na tsaye daf da ita, inuwarta ma a kan faifan take.

"Ga ni, Inna."

Mariya ta zabura, faifan ya suɓuce. Ma'u ta faɗa jikinta, suka rushe da kuka. Na bar su, don kukan da ya shekara a ciki ba a tare shi.

"In kin sani ba za ki tafi ba, shi na guda," in ji Mariya.

"Na sani, Inna. Shi ya sa ban tafi ba."

Sai uwar ta ture ta. "Ashe ni ce! Ni ce kaka, ni ce boda! Ina nan ina soke yatsuna dare da rana don in fitar da ke, ke kina kwance mani aiki ta baya? Wallahi in kika rasa yaron nan saboda ni, ban yafe ba!"

"Ko za ki tsine mani ba zan bar ki cikin duhu ba!"

"Za ki tafi!"

"Ba zan tafi ba!"

Sai ga sallama daga zaure. Zunnuraini ya dawo.

Mariya ta damƙo zanena. "Kar ki gaya mashi. Danginshi za su ce gado ne, su ce za ta haifa masu makafi."

"In haka suke, gara mu sani tun ɗiyarmu na gidanmu," na ce. "Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Na fita na gaya mashi komi, ban rage ba. Ma'u na bayan ƙyaure tana sheshsheka. Ya tsura wa ƙasa ido, har na fara cewa a raina shi ke nan, an gama.

"An kai ta asibiti?" ya ce.

"Wa zai kai ta, alhali kowa na ɓoyon kowa?"

Ya juya wajen ƙyaure. "Ma'u, fito. Shekara guda ina kwana ina tashi da tunanin kin daina sona. Har rama na yi, yaran tasha na yi mani dariya. Wane irin mutum kika ɗauke ni?"

"Tsoro na ji, Zunnu..."

"Ni kika ji tsoro? Uwarki ba uwata ba ce? Mu tafi da ita Maraɗi, in ba ta ɗaki."

"Kai yaro," na ce, "a ina ka ga suruka ta tare gidan mijin ɗiyarta? Ko a ɗaure ba za ta je ba."

"To ni in dawo Jibiya..." Duk mun san tsohuwarsa na can, shi kaɗai gare ta.

Ma'u ta share ido. "Ka gani? Kai da taka, ni da tawa. Ka je kawai, Allah Ya haɗa ka da..."

"Rufe mani baki!" na daka mata tsawa. "Ni fa? Mutuwa na yi? Kun zauna kuna rabon uwaye kamar ba ni da rai. Ɗakina na can ni kaɗai da kaji. Gobe zan kwaso komatsaina in dawo gidan ƙanena. Ni zan jera kaba, ni zan kawar da turmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba a ce sai hannun amarya ba."

Daga cikin gida Mariya ta ɗaga murya, tana kuka tana magana. "Yaya, ke da kike cewa miyata ba gishiri?"

"Har gobe ba gishiri! Ai yanzu na gane dalili."

Dariya ta kuɓuce wa Ma'u cikin hawaye. Na ce ta ɗauko almakashi, rana na yin ƙasa, yaro na da boda a gabansa. Nan a zaure ta yanka farin kwali, ta manna mashi ɗan ƙyallen atamfar ankon, ta rubuta sunansu da ranar. Layin ya karkace. Duk katunan da ta yi a duniya ba wanda ya kai shi muni. Ya karɓa hannu biyu.

"Zan gaya masu gaskiya da bakina," ya ce. "Abin da za su ce, ban sani ba."

Kwanakin nan ba wanda ya ci abin kirki a gidan. Alkakin ma ƙonewa ya yi a hannuna, abin da ban taɓa yi ba.

Ran kasuwa sai ga kawunnan. Babbansu, Malam Arzika, ya zauna a zaure fuska ba walwala. Na fito da shirin faɗa a bakina.

"Hajiya, mun ji labari," ya ce. "Mun ji haushi da aka ɓoye mana. Amma ido na Allah ne. Ɗiyar da ta ƙi barin uwarta, ita muke so ta riƙe mana tamu tsohuwar. Ina sauran katin? Guda ɗaya zai ishi Maraɗi?"

Zunnuraini ya ɗauko motar abokinsa muka kai Mariya asibitin ido a Katsina. Likita ya ce na hagu ya tafi, ba dawowa. Na dama saura kaɗan, ya ba da maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage. Ya ce da an zo da wuri, da ba haka ba.

Aka ɗaura aure ranar da aka sa. Da la'asar motocin kai amarya suka tsaya ƙofar gida, direbobi na ta danna oda don kar yamma ta yi masu a boda. Aka kawo Ma'u lulluɓe ta yi sallama da uwarta. Ta durƙusa a ɗaki, ta ƙanƙame ta, ta ƙi tashi.

"Ɗakin nan duhu," in ji Mariya. "Yaya, fitar da mu tsakar gida."

Na kama hannunta na kai ta inda rana ke faɗowa. Ta yaye lulluɓin da kanta, abin da uwa ba ta yi, mata suka yi tsit. Ta tallabo fuskar ɗiyarta, ta karkata kai, ta kawo idon dama kusa har numfashinsu na haɗuwa. Ta daɗe a haka.

"Inna... kina ganina?"

"Ina ganinki. Tsaya, kar ki motsa, in ƙoshi."

Oda ta sake tashi a waje. Mariya ta mayar da lulluɓin, ta gyara mata shi a kafaɗa.

"Na gani. Ku tafi da ita."