Gurasar Da Ta Zo Ta Ruwa

Rana na shirin faɗuwa Hirsi ya tuƙa kwalekwalensa zuwa jirgin da ya tsaya a bakin tekun garin Makdishu, da akushi a rufe. Al'adarmu ke nan: baƙon da ya ci abincinka a jirgi ya zama naka, gidanka zai sauka, ba mai ƙwace shi.

Ya hau jirgin, ya tarar da wani ɗan kasuwar birnin Fas, Sidi Mas'ud, hanci a sama. Hirsi ya buɗe masa: shinkafa da man shanu, ɗanyar ayaba dafaffiya a madara, ga mangwaro jiƙaƙƙe a gishiri.

Sidi ya shinshina, ya ja baya. "Ayaba a tukunya? Me ka barbaɗa a ciki? Haka kuke kwantar da baƙi ku kwashe musu kaya?"

"Ranka ya daɗe, da guba muke ci da ban ajiye wannan tumbin ba."

Ya ƙi ci, cikinsa kuwa sai kuka yake.

Sai wani ƙamshi ya taso. Gurasar alkama, da zafinta.

Wani kwalekwale ne manne da jirgin. Hirsi bai ji zuwansa ba. Tsoho ne a ciki, ya miƙo faifai.

"Irin ta uwata!" in ji Sidi, ya warce.

Hirsi ya san kowa a garin, amma bai san wannan ba. Igiyar ruwa na jijjiga kowa, kwalekwalen tsohon ko motsi. Gemunsa na ɗiga. A ƙarƙashin ƙamshin akwai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi.

"Sidi, ajiye," Hirsi ya raɗa masa.

"Hassada ce!"

Ya gatsa.

"Baƙona," in ji tsohon. Bakinsa bai motsa ba. Daga cikin ruwa muryar ta fito.

Sidi ya miƙe. Ya ɗora ƙafa a gefen jirgi. Ido a buɗe, ba ya gani.

Hirsi ya cafko wuyansa, ya ƙwaƙule gurasar, ya cusa masa shinkafa har maƙoshi.

"Tawa ya haɗiye! Baƙona ne!"



"Ɓarɓashin gurasata ya wuce cikinsa," in ji muryar. "Zan jira rabona."

Kwalekwalen ya nutse, ba ko kumfa.

Sidi bai sake ganin Fas ba. A gidan Hirsi ya tsufa. In an tambaye shi, sai ya ce iskar garin ce ta karɓe shi. Amma kullum magariba ƙafarsa ta hagu sai ta kama hanyar teku ita kaɗai, Hirsi ya tashi yana tsaki, ya ɗaure ta a turken raƙumi.