Tsohuwar da Ta Wanke Teku

A can wani zamani, an yi wata tsohuwa mai tsabtar masifa a bakin teku. Wata rana ta hangi funfuna a jikin wani gungume cikin ruwa.

Ta ce, "Ƙazanta har a teku?"

Ta ɗauko soso da sabulu. Ta cuɗa gungume, ta cuɗa ganye, ta cuɗa mushen kifi, har funfuna ta ƙare ƙaf. Ashe funfunar ce ke cinye duk abin da ya mutu a ruwa. Itace ya taru, ganye ya taru, kwale-kwale suka maƙale.

Masunta suka ce, "Iya, kin kashe mu!"

Tsohuwa ta lallaɓa gidan maƙwabciyar da take yi wa gorin ƙazanta, ta durƙusa.

"Yaya, don Allah, da sauran tuwon nan naki mai funfuna?"